"KAR KA SABUNTA WAYARKA": SHAWARAR DA KE ƊAGA MAKA RANAR KUKA



Yau da faɗa na zo, kuma da wasu daga cikinku zan yi shi. Duk sanda muka sa rubutu a kan sabon Android ko sabon Windows, sai an samu masu zuwa kwament su ce: "Ni dai ba na sabunta wayata, sau ɗaya na yi manhajata ta daina aiki." Wani ya biyo a ƙasa ya ce: "Gaskiyarka, mai gyara ma ya ce min kar in kuskura." Shi ke nan sai a yi ta yaba musu kamar sun gano wani sirri. To ni na ce wannan shawara cutar mutane take yi, kuma zan kawo hujja daga cikin gidanmu.

Kawuna yana sayar da atamfa da shadda. Shekara bakwai yana rubuta bashin 'yan sari a wata 'yar manhajar lissafi da yaron shagonsa ya tura masa ta Xender. Ba ta cin data, ba ta neman imel, ka buɗe ka rubuta suna da kuɗi ka rufe. Kawu na cikin manyan masu ƙin sabuntawa, in saƙon ya fito ko karantawa ba ya yi. Da wayar ta tsufa batir ya kumbura, sai ya sayi sabuwa mai Android 14. Yaro ya tura manhajar ta Xender kamar yadda aka saba, sabuwar waya ta ce ba za ta karɓa ba. Aka ce to a ci gaba da lallaɓa tsohuwar. Bayan 'yan makonni tsohuwar ta maƙale a tambarin kamfani, ba ta gaba ba ta baya. Aka kai ta kasuwar waya, mai gyara ya yi mata filashin, ta dawo fes kamar sabuwa.

A daren ya kira ni. "Kai ɗan nan, zo ka dawo min da littafina."

Na ce, "Kawu, kun taɓa fitar da shi zuwa wani fayil?"

Ya ce, "Fitarwa kamar yaya? Ai yana cikin wayar."

Ba ya cikin wayar. Manyan basussukan da ya riƙe a ka ya bi su ya karɓo. Masu tsoron Allah suka kawo da kansu. Wasu kuwa suka ce a nuna musu a rubuce, kuma har yau maganar ke nan.

Ku lura da kyau: Kawu bai taɓa sabunta wayarsa ko sau ɗaya ba. Ya bi shawararku daga farko har ƙarshe, kuma littafin ya tafi.

INA BAYANANKA SUKE ZAMA?

Yawancinmu mun ɗauka manhaja da abin da muka rubuta a cikinta abu ɗaya ne. Abu biyu ne. Fayil ɗin APK da kake turawa ta Xender shi ne ginin shagon, babu kaya a ciki. Abin da ka rubuta yana zaune a wani rumbun bayanai daban, galibi irin wanda ake kira SQLite, a cikin wani ɗaki na musamman da Android ke ware wa kowace manhaja. Wannan ɗakin a kulle yake. Mai duba fayil na wayarka ba ya ganinsa, kebul ɗin kwamfuta ba ya kai wa gare shi, Xender ba ya ɗaukarsa. Manhajar ce kaɗai ke da makulli. In ka cire ta daga waya, ɗakin ya tafi da ita. In aka yi filashin ko aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, haka nan. In kuma manhajar ta daina buɗewa, kayanka suna nan a ciki amma mai makullin ya mutu.

Su kuma kamfanonin da ke yin babbar manhajar waya da kwamfuta, rushe tsofaffin shaguna al'adarsu ce, ba yau suka fara ba. A 2017 Apple ya fitar da iOS 11, duk wata manhaja mai bit 32 ta daina buɗewa a iPhone. A 2019 ya maimaita wa masu kwamfutar Mac da macOS Catalina. A 2022 Google ya fitar da Pixel 7, ita ma ba ta karɓar manhaja mai bit 32. A 2023 Android 14 ya zo da dokar cewa ba za a girka manhajar da aka gina don abin da ya gaza Android 6 ba, Android 15 kuma ya ɗaga sandar zuwa Android 7. A Oktoban 2023 WhatsApp ya bar wayoyin da ba su kai Android 5 ba. A ɓangaren kwamfuta, Windows 11 na ƙarshen 2024 ya zo babu WordPad, manhajar da ke tare da Windows tun 1995.

Akwai wani tarko a dokar Android 14 da ya kamata kowa ya sani. In tsohuwar manhajar tana kan wayarka ka sabunta zuwa Android 14, ba za a cire maka ita ba, tana iya ci gaba da aiki. Sabon girkawa ne aka hana. Ma'ana kana nan kana amfani da ita hankali kwance, ba ka san ƙofar dawowa ta rufe a bayanka ba. Ranar da ka canza waya ko aka yi filashin, ranar za ka sani.

Na san gwanayen cikinmu za su ce ai akwai hanyar tsallake dokar ta kwamfuta da adb. Akwai. Amma ginin shagon za ta dawo maka da shi, kayan da suka ƙone ba ta da labarinsu.

ME YA SA NAKE CEWA ƘIN SABUNTAWA YAUDARA CE

Bari in fara da inda kuke da gaskiya. Eh, wani sabuntawar kan yi wa ƙaramar waya nauyi. Eh, data da tsada, wani lokacin sai ka sauke sama da gigabait guda. Eh, manhajoji na mutuwa bayan sabuntawa, ni da kaina na lissafo su a sama. Duk na yarda.

Amma ku amsa min wannan: wayar da ka hana ta sabuntawa, ka hana ta tsufa? Ka hana ta faɗawa bokitin wanki? Ka hana masu ƙwacen waya? Kowace waya tana da ranarta, kuma wadda za ka saya bayanta da sabon Android za ta zo, ko ka so ko ka ƙi. Ba a sayar da sabuwar waya mai Android 7 a kasuwa. Ke nan sabuntawar da ka gudu a saitin za ta same ka a cikin kwali, a ranar da ba kai ka zaɓa ba, watakila ma tsohuwar wayar ba ta hannunka.

Wanda ya sabunta da shiri, tsohuwar manhajarsa na raye a lokacin da yake kwashe kaya. Wanda ya ƙi, sai bayan gobara yake neman kaya. Bambancin ke nan, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan akwai kuɗin da kake biya a tsakani ba ka sani ba. Babban abin da sabuntawa ke kawowa shi ne toshe kafofin da ɓarayin intanet suka gano. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka, lambobin sirrin da ake turo maka da hotunan iyalinka, ka bar ta shekaru da kafa a buɗe don kare wata 'yar manhaja guda. Kuma a ƙarshe manhajar bankin ce ma za ta fara ce maka wayarka ta tsufa.

Shawarar ta fi yi min ciwo idan ta fito daga bakin mai gyara. Mutumin da ke ce maka kar ka sabunta shi ne wanda, in wayar ta maƙale, zai yi mata filashin bai tambaye ka ko akwai abin da ba ka kwashe ba. Ba duka ba, akwai masu amana da ke tsayawa su yi tambaya, Allah ya saka musu. Amma ɗan'uwa mai gyara, tambaya ɗaya ce: "Akwai abin da ke cikin wayar nan da ba ka da shi a wani wuri?" Daƙiƙa biyar ba za ta ci ba. In ba ka yi ta ba, wallahi da hannunka a asarar.

"AI KOMAI NAWA YANA GOOGLE"

Wannan shi ne rukuni na biyu, su kuma barcinsu ya fi na farko nauyi. Google na iya ajiye bayanan manhaja, amma da sharuɗɗa. Ajiyar da Android ke yi da kansa ba ta wuce megabait 25 ga kowace manhaja, mai manhajar na iya kashe ta gaba ɗaya, kuma manhajojin da aka gina don abin da ya gaza Android 6 ba sa cikin wannan tsarin tun asali. Wato irin manhajar Kawu, wadda ta fi kowace buƙatar ceto, ita ce ba a ajiye wa komai.

Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta kuma, Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa, tun 2024 ajiyar WhatsApp ma a ciki ake lissafa ta. In ya cika, ajiya ta tsaya, kai kuma kana nan kana cewa komai yana Google. Ga kuma babbar matsalarmu: mutum nawa ne a nan mai sayar da waya ne ya buɗe musu Gmail, ko kalmar sirrin ba su sani ba? Ajiyar da ba ka da makullinta, da ita da babu duk ɗaya.

MASU YIN MANHAJA MA BA SU TSIRA BA

Kar a ce na bar manya na kama ƙanana. Kamfanin da zai kashe manhaja ya sanar a shafinsa na Turanci, ya ɗauka mai shago a Kantin Kwari ya karanta, bai kyauta ba. Sai dai Apple da Google da Microsoft ba za su ga wannan rubutun ba. Waɗanda za su gani su ne matasanmu masu gina manhajar lissafin shago, ta rajistar ɗalibai, ta adashe. Ku nake wa magana. Manhajar da za ta karɓi bayanan mutum ba ta ba shi hanyar fitar da su ba, kurkuku ce. Sa maɓallin fitarwa zuwa CSV aikin yini guda ne. In kun ƙi sawa don kar kwastoma ya gudu, ku sani ranar da kuka samu wani aiki kuka bar manhajar, da dukiyar mutane kuka tafi.

Dubi WordPad. Ta mutu, amma waɗanda suka yi rubutu da ita ba su yi asara ba, domin fayil ɗinta RTF ne, Word na buɗe shi, LibreOffice na kyauta ma na buɗe shi. Manhaja ta tafi, rubutu ya zauna. Duk rigimar nan a kan nau'in fayil take.

TO ME ZA A YI? GA SHI DAKI-DAKI

1. Ɗauki takarda ka bi manhajojin wayarka ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: in wayar nan ta faɗa rijiya yanzu, me ke cikin wannan da ba zan sake samu ba? Littafin bashi, rubuce-rubuce, rikodin murya, lambobin mutane, hotunan takardu. Yawanci ba za su wuce biyar ko shida ba.

2. Shiga saitin kowace ka nemi Export da Backup. Ba ɗaya ba ne. Backup yakan ba ka fayil da manhajar ce kaɗai ke iya karantawa, in ta mutu shi ma ya mutu. Export ke ba ka CSV ko PDF ko TXT, waɗanda kowace waya da kwamfuta ke buɗewa. Yi duka biyun, amma Export ne dukiyarka. In abin da ta ba ka fayil ne mai ƙarewa da .db, kar ka yar, sau da yawa SQLite ne. Manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna DB Browser for SQLite na buɗe shi ta mayar maka da shi CSV, matuƙar ba a kulle shi da sirri ba.

3. In babu ko ɗaya, ɗauki hoton allo shafi-shafi, ko ka zauna da biro da littafi. Da wahala, na sani. Yini guda na kwafa ya fi shekara bakwai na bashi a iska. Daga nan ka rabu da manhajar, ta nuna maka halinta.

4. Masu ɓoye hotuna a manhajojin nan masu kama da kalkuleta, ku fito da su fili kafin komai. Yawancinsu suna sauya fayil ɗin yadda su kaɗai ke gane shi.

5. Lambobin waya, fitar da su zuwa fayil ɗin .vcf daga manhajar Contacts. WhatsApp, yi amfani da hanyarsa ta tura hira daga waya zuwa waya tun tsohuwar na aiki. Fayil ɗin msgstore da kuke gani a foldar Databases a kulle yake, WhatsApp ne kaɗai ke buɗe shi, da lambarka. Hirar da ke da cinikayya ko alkawarin kuɗi a ciki, buɗe ta ka zaɓi Export chat, za ta fito a rubutun da ba ya buƙatar WhatsApp. Mai Google Authenticator ya tura lambobinsa zuwa sabuwar waya kafin ya saki tsohuwar.

6. Buɗe abin da ka fitar a wata na'ura daban ka gani da idonka. A nan ake faɗuwa. Excel na da halin cinye sifilin farko na lambar waya, 080 ta koma 80. Yana iya juya rana da wata, 3 ga Afrilu ta zama 4 ga Maris. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ na iya fitowa a hargitse in ba a zaɓi UTF-8 ba. Maganin shi ne ka shigo da fayil ɗin ta ɓangaren Data maimakon ka danna shi sau biyu, ka ce layin lambobin waya rubutu ne. Ka ƙirga layuka: in mutum 214 ke cikin manhaja, 214 za ka gani a fayil. Ka kuma haɗa jimillar kuɗin ka gwada da ta manhajar.

7. Ajiye a wuri biyu da ba za su ɓace tare ba. Memorin da ke cikin wayar ba ya cikin lissafi, ɓarawo da shi zai tafi. Filas a gida, kwafi ɗaya kuma a Drive ko imel ɗin da kai ka san kalmar sirrinsa.

8. Kar ka sayar da tsohuwar waya, kar ka yi mata filashin, kar ka ba ƙanenka, sai ka yi mako biyu kana aiki da sabuwar ba ka nemi komai ka rasa ba.

9. Yanzu sabunta. Jinkirin kwana biyu ko uku don kwashe kaya hankali ne, shi kaɗai ne jinkirin da na yarda da shi.

MASU KWAMFUTA, KU MATSO

Na san da yawanku da waya kuke karantawa, amma akwai masu shagon buga takardu da malaman makaranta a cikinmu. Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, ya kuma sa Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen Publisher. Duk mai katunan biki da kalandu da takardun shaida a fayil ɗin .pub, ya mayar da kowanne PDF tun manhajar na buɗewa. LibreOffice Draw na buɗe .pub, sai dai tsarin shafin kan ɗan goce. Makarantar da ke da rajista a tsohon Access 97, ku sani Access 2013 da na bayansa ba sa buɗe wannan nau'in. Sai an bi ta wani na tsakiya kamar Access 2003 ko 2010 an sauya shi tukuna. Saboda haka in akwai tsohuwar kwamfuta a lungun ofis mai irin wannan, kar a sayar wa 'yan gwangwan sai an kwashe.

Akwai kuma ciwon da namu ne mu kaɗai. Kun taɓa buɗe tsohon rubutun Hausa kuka ga "}asa" a maimakon ƙasa, ko "]aya" a maimakon ɗaya? Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gindin zama a kwamfuta, an yi ta amfani da wasu font na musamman da suka ɗora ƙ da ɗ a kan maɓallan baka. A cikin fayil ɗin baka ce ke zaune, font ɗin ne ke yi mata riga. Aka canza kwamfuta, font bai biyo ba, riga ta faɗi. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Littattafai da kundayen digiri da yawa na cikin wannan hali. Gyaran ba wuya: yi kwafin fayil ɗin, ka yi amfani da Find and Replace a Word ka mayar da kowace alama harafinta na gaskiya, babba da ƙarami daban-daban, kana lura da wuraren da bakar gaske ce. In ka yi sau ɗaya, rubutun zai buɗu daidai a kowace waya.

Kawu yanzu littafi biyu gare shi: Google Sheets a waya, da babban littafi mai bangon kwali a ƙarƙashin kanta. Duk ranar Juma'a bayan an sauko yaro ke daidaita su. Wayarsa kuma da kansa yake danna sabuntawa, har tsiya yake min in ya riga ni.

Ga aikin gida. Kafin ka kwanta yau, buɗe manhaja ɗaya tak da ke riƙe da abin da ba ka so ka rasa, ka duba ko tana da Export. In tana da shi, danna. In ba ta da shi, rubuta mana sunanta a kwament, za mu duba hanyar da za a bi a ceto abin da ke ciki. Wanda kuma har yanzu yake ganin ƙin sabuntawa ne mafita, bismillah, fili na nan, ya zo ya faɗa mana abin da zai yi ranar da wayar ta ƙi tashi.

A tura wa iyaye da 'yan kasuwar da ba sa shiga nan, su ne suka fi kowa ajiye dukiya a cikin waya. Allah ya tsare mu da asara.